Me Ya Riƙe Ta Shekara Goma Sha Biyu?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin mai girma hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, likitoci da malaman asibiti da suka baro aikinsu suka zo, malaman jami'a da aka ba kujerun gaba, shugabar ƙungiyarmu ta mata da 'yan'uwana na cikinta, mutanen Dutsin-Ma, mutanen Kurfi da Karofi, da na bakin madatsar ruwan Zobe da suka baro ban ruwa a gonakinsu, da iyayena mata da ke can bayan rumfa inda idona ba ya kaiwa sosai, ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga na gaba da shi.

Na gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Na gode wa waɗanda suka shirya taron, da suka yarda a ba mace irina lasifika bayan masu ilimi sun gama magana. Sunana Talatu Ilu. A Karofi aka haife ni, a nan Dutsin-Ma na yi aure, a nan kuma nake suyar awara a ƙofar gida. Karatuna bai wuce aji shida na firamare da Islamiyya ba, saboda haka in na faɗi wani abu na likitanci ba daidai ba, ga masu shi nan zaune, su gyara mani.

Ina ɗauke da cutar da aka taru saboda ita yau, mai karya garkuwar jiki. Shekara shida ke nan da sanina, ina shan magani kullum, ga ni kuma tsaye da ƙafata. Ban taɓa faɗin haka a gaban mutum fiye da uku ba sai yanzu. Na tsaya a nan ne saboda wata 'yata mai shekara tara da ke riƙo a Kurfi, wadda har yau ba a gwada jininta ba. Duk abin da za ku ji daga bakina, a kanta zai ƙare.

Zan fara daga ranar da na gane. Wata Laraba ce da hantsi, bara, bayan babbar salla. 'Yata ta fari ta kwana huɗu a asibiti. An kawo ta daga Kurfi da tari da zazzaɓi, da wani farin abu a baki da ya hana ta haɗiyar ko da kunu. Shekararta goma sha biyu, amma wanda ya gan ta zai ce takwas. Malam Mutawakkil, ma'aikacin da ke kula da masu irin lalurarmu, ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa, ya ajiye takarda a gabana.

Ya ce, "Malama Talatu, yarinyar nan tana da ita."

Na ce, "A ina ta samo? Yarinyar da ko kasuwa ba a aikenta ita kaɗai."

Ya ce, "Ba ta samo ta a ko'ina ba. Da ita ta taso. Ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono."

Na zauna ina kallon tafin hannuna. Kuka bai zo mani a lokacin ba, daga baya ya zo, har yau kuma bai gama tafiya ba. Abin da ya fara zuwa bakina tambaya ce. Na ce, "To Malam, in tun ranar suna take tare da ita, ba magani ba komai, me ya riƙe ta shekara goma sha biyu?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Mu fara da jinyarta tukuna. In Allah ya yarda zan zauna in gaya maki abin da na sani, in kuma gaya maki inda sanina ya tsaya." Bayan wannan maganar, kwana goma sha biyar ta ƙara a duniya.

Abu na farko da nake so ku ji shi ne yadda aka yi yarinya ta kai wannan hali alhali uwarta tana shan magani, tana da kati, tana zuwa asibiti duk lokacin da aka ce ta zo. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin so ba ne. Abin da muka taso muka tarar ne, na bi shi da zuciya ɗaya.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi mashi wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tawa kuma kunyar biyu ce, don sunan surukata aka sa mata. Ni "'yar Kurfi" nake ce mata, ko "waccan". Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta, Inna, a Kurfi, da niyyar sati biyu ta manta da nono. Inna ta ce ta samu abokiyar hira, ta zauna ke nan. Ta taso tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mani Anti.

Bayanta na haifi namiji. Yana da wata goma sha huɗu ya kama zawo da tari, aka ce haƙori ne, muka yi ta jiƙe-jiƙe har Allah ya karɓi abinsa. Ba a taɓa gwada shi ba, saboda haka ba zan ce maku ga abin da ya kashe shi ba. Ina da zato, amma zato ne. Ta uku mace ce. Da aka yaye ta, maigidana ya ba yayarsa da ke aure a Kurfi, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita nake kira Yaya. Ta karɓe ta tana hawaye, kuma wallahi ban taɓa ganin riƙo irin nata ba.

A ciki na huɗu ne na fara zuwa awo, a nan aka gwada ni aka gani. Aka gwada maigidana, shi ma haka. Aka ɗora ni a kan magani, kuma da ikon Allah autana Zaharaddin ya fito ba shi da ita. Yau shekararsa shida, yana aji ɗaya.

A ranar da aka buɗe mani kati, malamar asibiti ta ɗauki biro ta ce, "Faɗa mani 'ya'yanki da sunayensu, daga na fari." Jama'a, bakina ya ƙi buɗewa. Ga mata a layi suna ji, ga malamar sa'ar ƙanwata ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗaya ya rasu. Sauran suna wajen danginsa, lafiyarsu lau." Ta ce, "Ko lafiyarsu lau, ki kawo su a duba." Na ce to. Ita ta yi aikinta, har sau uku tana tuna mani. Ni ce ban kawo su ba.

Na dai faɗa wa maigidana. Ya ce, "Talatu, ɗan da aka bayar an bayar. Da wane baki zan je in ce wa Inna a ba ni yarinya a kai ta asibiti? Za ta ce me ya same ta, in ce me? Kuma ki duba, da suna da ita da tuni sun bi ɗan'uwansu. Wanda ya wuce yaye ya tsira." Maganar ta kwanta mani, don ita nake so in ji. Na je Kurfi na ga babbar tana tsallen igiya, ƙaramar tana bin awaki, na dawo na ce alhamdu lillahi. Shi maigidan Allah ya yi mashi rasuwa shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa, ya tafi yana ganin gaskiya ya faɗa. Ni ma haka na gani, har ranar Larabar nan.

Abu na biyu shi ne abin da na koyo a kan jini, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da ni, don tun da na fara jin sa ban gaji da shi ba.

Bayan sadakar arba'in na koma wurin Malam Mutawakkil, na ce na zo karɓar alkawari. Ya ce, "Na ɗauka kin manta." Na ce, "Ita kaɗai ce tambayar da nake kwana da ita." Ya kai ni ɗakin gwaji, aka soki yatsana, aka shafa jinin a kan ɗan gilashi, aka zuba mashi wani rini, aka sa a ƙarƙashin na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwa. Ya ce in sa ido. Da farko gashin idona kawai nake gani, har mai gwajin ya yi mani dariya. Can sai ga su. Wasu zagaye-zagaye masu yawa, kamar wake da aka baza a tabarma. Ya ce waɗannan su ne jajaye, su ke ɗaukar iska. A tsakaninsu, nan ɗaya can ɗaya, ga wasu masu launin shuni. Ya ce, "Waɗannan su ne masu tsaronki." Na daɗe ina kallonsu. Shekara talatin da huɗu suna yi mani aiki, ban san da su ba, ban taɓa ce masu sannu ba.

Ga abin da ya gaya mani, yadda na riƙe shi. Masu tsaron nan iri-iri ne. Akwai waɗanda ke kai hari, su kashe duk wurin da cuta ta shiga ta ɓuya. Akwai kuma wasu da aikinsu shi ne su ga baƙo, su kira sauran, su nuna masu inda za su. Su ne ake ƙirgawa a rubuta mana a takarda, inda za ku ga an sa CD4. To ita wannan cuta, cikin masu kiran nan take shiga. A cikinsu take hayayyafa, ta fashe su ta fito ta nemi wasu. Ya ce yaro mai lafiya sa'ar 'yata, a ɗan ɗigon da ake aunawa, akan samu fiye da ɗari biyar. A takardarta arba'in da ɗaya aka rubuta. Shi ya sa tarin da wani yaro zai yi ya warke, ita ya kwantar da ita.

Na ce, "To masu kai harin fa, ina suke?" Ya ce suna nan, amma sun gaji. Ya ce ƙyanda in ta zo, a yi yaƙi sati biyu a gama, kowa ya huta. Wannan kuwa ba ta tafiya. Kullum masu tsaro a tsaye, kullum ana kira, shekara da shekaru, har su kai inda in an ƙirga za a gan su, amma ba su da sauran ƙarfin aiki. Ya ce tashin hankalin da jiki ke ciki dare da rana shi kansa yana cinye su, ba cutar kaɗai ba.

Sai na tuna da gonar babanmu a Karofi. In dawa ta fara nuna, akan sa mu korar tsuntsaye, a ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan a rataya mata gwangwanaye. Ni da wata ƙawata muke zuwa. Ita ko inuwar tsuntsu ta gani sai ta ja igiya ta kwarma ihu, kafin azahar muryarta ta dushe, hannunta ya yi kanta, in garken jan-baki ya sauko da la'asar sai dai ta bi shi da ido. Na ba Malam Mutawakkil wannan labarin na ce ko haka ne. Ya yi murmushi ya ce, "Ya kama hanya. Amma kada ki ja shi da nisa, jini ba gonar babanku ba ce."

Na ce, "Har yanzu ba ka amsa mani ba. Me ya riƙe ta?"

Ya ce abu biyu zai faɗa, ɗaya ya tabbata, ɗaya ana kan bincikensa. Wanda ya tabbata shi ne, a bayan ƙashin ƙirjin yaro akwai wata 'yar tsoka da masu tsaron nan ke bi ta cikinta su koyi aiki kafin su shiga jini. A yaro babba ce, tana aiki sosai, in mutum ya girma sai ta riƙa ƙanƙancewa. Manoman rani da ke nan kun san fangalin da ake rainon tumatir a ciki kafin dashe. In tsutsa ta ci na cikin gona, a koma fangali a ciro a cike gurbi, mai wucewa ya ga gona kore shar bai san ɓarnar da ake yi ba. Haka jikin yaro ke yi, ana kashewa yana cikewa. Amma ya ce kada in ɗauka kowane yaro ke samun wannan sa'ar. Jariran da suka zo da ita, in ba a ba su magani ba, kusan rabinsu ba sa kai shekara biyu, don masu tsaronsu sababbi ne, ba su san komai ba tukuna. A nan na tuna da ɗana mai wata goma sha huɗu.

Na biyun shi ne ya fi ba ni mamaki. Ya ce masu bincike sun duba wasu yara 'yan kaɗan da suka daɗe da cutar ba magani kuma ba su kwanta ba. Sun ɗauka za su tarar masu tsaronsu sun fi na kowa faɗa. Sai suka tarar a wasunsu akasin haka ne. Cutar tana nan da yawa a jini, amma masu tsaron ba su tayar da hankalinsu ba, ba sa jan igiya a kan kowace inuwa, don haka ba su gaji da wuri ba. Na ce, "Wato haƙuri ne ya riƙe ta?" Don yarinyar haka take, ko mari aka yi mata sai ta gama kallon mutum kafin ta yi kuka. Ya ce, "Malama Talatu, halin mutum daban, halin jininsa daban. Kuma ban auna nata tana da lafiya ba, don ba a kawo mani ita ba. Ba zan iya ce maki ga abin da ya riƙe ta ba." Bai faɗa don ya soke ni ba, gaskiya ce kawai. Amsar tambayata tana cikin jinin da na hana a ɗiba shekara biyar.

Ya ce abin da ya sani tabbas shi ne, ko wanne ne ya riƙe yaro, ba ya riƙe shi har abada, kuma ba a gane shi da ido. Magani kuwa danne cutar yake yi har masu tsaro su samu su zauna, fangalin nan ya cike gurbi. Ya ce yaro in an fara da wuri yakan farfaɗo fiye da babba. Ni kaina da aka fara mani, nawa ɗari biyu da tamanin ne, yanzu sun haura ɗari bakwai.

Malaman jami'a, ina da sauran tambayoyi, tun da Allah ya haɗa mu. Me ya sa uwa ɗaya, nono ɗaya, wani yaro ya ɗauka wani bai ɗauka ba? Mai tsaron da ya riga ya gaji, in an ba shi hutu yana dawowa kamar da, ko sai dai sababbi su karɓe shi? Waɗancan yaran da masu tsaronsu ba sa firgita, gado ne ko me? In kun gano, don Allah kada ku bar shi a takardunku. Ku aiko mana da shi da Hausa. Muna ganewa in an zauna an yi mana bayani.

Abu na uku shi ne wanda ya kawo ni. Da na gama jin wannan bayani, washegari na hau mota zuwa Kurfi wurin Yaya. Zuwan farko na zauna na sha fura, na yi gaisuwa, na dawo ban faɗa ba. Zuwa na biyu na faɗa mata komai, nawa da na ƙaninta da na marigayiya. Yarinyar tana tsakar gida tana wanke allonta. Yaya ta aike ta maƙwabta, sannan ta juyo.

Ta ce, "Talatu, ba ni ita aka yi, ko aro?"

Na ce, "Ba ki aka yi, Yaya."

Ta ce, "To dube ta. Ta fi ki kumatu. Shekara bakwai ko ciwon kai ban bari ya kwana a jikinta ba. Yau ki ce in ɗauke ta in kai layin da kowa ya san na mene ne, gobe a hana 'ya'yan mutane cin abinci da ita?"

Na ce, "Yayarta ma haka take a shekara tara." Na fara yi mata bayanin masu tsaro da fangali. Ta ɗaga mani hannu ta ce, "Likita Talatu, ajiye karatunki. Ke da 'yarki ta mutu ba ki iya kiran sunanta ba, ke da kike ɓoye ƙwayoyinki a tukunyar daddawa, ke za ki sa ni in fita da tawa a idon duniya? Ranar da kika iya tsayawa gaban mutane kika faɗi abin da ke jikinki, ranar ni da kaina zan riƙe hannunta in kai ta."

Ta faɗa ne tana ganin ba zan iya ba. Ni ma a lokacin haka na gani. Kada wani ya zarge ta, tsoro ne irin wanda na yi shekara biyar ina yi, kuma ita a kan abin da take so ta yi nata. Maganarta ta yi mani zafi ne don akwai gaskiya a ciki.

Kwana biyu kafin 'yata ta rasu, da rana, Inna ta fita alwala, ya rage daga ni sai ita. Ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta ce, "Anti, ke kuwa kin san sunana?" Tana murmushi, tsokanata take yi, don ta san al'adar. Na ce, "Ja'ira, buɗe baki ki sha kunu." Ta sha cokali biyu. Ba kowa a ɗakin da zan ji kunyarsa, amma ban faɗa ba.

Sunanta Nana Hadiza. Inna, in kina ji ki yafe mani, sunanki ne, amma nata ne kuma. Nana Hadiza, 'yar aji biyar, mai son ɗanwake da yaji, wadda ta taɓa tambayar kakarta ina ruwan Zobe yake kwana in rani ya yi. Ƙanwarta kuwa ba zan faɗi nata sunan a nan ba, wannan karon ba don kunya ba, don sirrinta nata ne. Waɗanda suka san gidanmu sun san ta. Na ba ku amanarta. Wataƙila ma ba ta da komai, don ba kowane ɗa ke ɗauka ba, kuma ko tana da ita, yarinya ce kamar taku, ana cin abinci da ita a kwano ɗaya ba abin da zai samu kowa.

Malaman asibiti, roƙona gare ku kaɗan ne. In mace ta zo an same ta da wannan cuta, ku ja ta gefe inda ba layi. Ku tambaye ta wa ke riƙo a wani gida. Ku tambaye ta na fari daban, kuma in ta sunkuyar da kai kada ku jira suna daga bakinta, ku ce ta faɗi garin da yake da gidan da yake. Iyayenmu kakanni da gwaggwanni masu riƙo, ku da kuka tashi tsakar dare kuka nemo wa yaran nan magani, ba wanda zai ƙwace maku su don an ɗibi ɗigon jini a yatsa. Malamanmu limamai, ku kuka fi mu sanin matsayin kunya a addini. Ku taimaka ku gaya wa mutane inda ya kamata ta tsaya in rai yana cikin haɗari, don in daga bakinku ta fito za a ji.

Allah ya jiƙan Nana Hadiza da ɗan'uwanta da mahaifinsu, ya jiƙan duk wanda kuka rasa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri. Allah ya ƙara wa masu bincike basira, ya saka wa ma'aikatan asibiti da alheri. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu, ya sa albarka a noman rani, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na aika wa Yaya cewa yau ne. Ban sani ba ko ta zo, don na gaya maku idona ba ya kaiwa bayan rumfa. Yaya, in kina nan, na faɗa. In ba kya nan, mutanen Kurfi za su kai maki kafin magariba. Malam Mutawakkil ya ce ranar Litinin yana ofis tun ƙarfe takwas, kuma akwai ƙofar baya ga wanda ba ya son layi. Zan zo in zauna a bakin ƙofar. Yarinyar shekararta tara, lafiyarta lau a ido, kuma har yanzu ba a gwada ta ba.

Na gode.